Baitin Yaya a Taken Ƙasa

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da jikoki. Yaya ciwon gwiwa? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, asirina na gab da tonuwa. Kin ji an dawo da tsohon taken ƙasa, wanda aka ajiye tun muna firamare. Hedimasta ya ce ni zan koya wa yara, tunda ni ne malamin tarihi, kuma na fi kowa furfura. Shekara talatin ina cika baki da labarinsa: yadda aka zaɓe shi a gasa, da ranar da aka sauke tutar 'yan mulkin mallaka aka ɗaga tamu. Amma wallahi ban iya shi ba. Kin tuna saboda tsayina ni ke jan igiyar tuta, kuma mai jan igiya ba ya waƙa, hankalinsa na kan tuta ta kai sama daidai da kalmar ƙarshe. Abin da na riƙe kawai, sau goma sha bakwai ake jan igiyar.

Takardun ofishin ilimi ba su iso ba, sufeto kuwa yana tafe nan da mako biyu. Ke kike ba da waƙa a ajinku. Ki rufa mini asiri, ki rubuto mini.

Ƙaninki,
Dogo

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, saƙonki ya iso, na gode. Amma fisabilillahi, wa ke rubuta magana mai muhimmanci a bayan takarda? Sai jiya na juya, na ga kin ce baiti na biyu ya ɓace miki, kin ƙaga naki, in nemi na gaskiya kafin in koyar.

To, yara ɗari uku sun riga sun rera shi a gaban sufeto, har da inda kika ce ɗan ƙasa nagari ba ya shekara bai ziyarci yayarsa ba. Na ɗan yi mamakin wurin nan, amma na ce mutanen da sun san zumunci.

Ina tsaye, sai na ga sufeto yana share hawaye. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, rabon da in ji wannan baitin tun ina aji uku." Nan take ya sa a kwafa wa makarantu goma sha biyu.

An ba ni takardar yabo, ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai in kalli tuta. Ina nan tafe ranar Asabar, tunda yanzu taken ƙasa ne ya ce in zo.

Ƙaninki,
Dogo