Gidan Sauron Harid

Asabar, 3 Fabrairu 2024
Mazen, ɗan kafilina, wato ɗan ubangidan da ya tsaya mini nake aiki a ƙasar nan, ya kawo harid ya saka a tankin gilashin gidan abinci. Kifin Bahar Maliya, kore da shuɗi, baki kamar na aku. Ya ce ransa na wuyana, "kuma iƙamarka ta kusa ƙarewa, ka sani." Takardar izinin zamana yake nufi. Na ce to.

Talata, 6 Fabrairu
Yini yake yana kankarar dutsen murjani da haƙora. Kashinsa yashi ne, fari fat.

Alhamis, 8 Fabrairu
Na iso bayan asuba, na kunna fitila. Yana kwance a gindin dutse, wani yauƙi ya lulluɓe shi kamar leda. Na ɗauka ya mutu. Na sa raga na kwashe, ya zabura ya bugi gilashi.

Lahadi, 11 Fabrairu
Yauƙin nan kowace safiya. Ina kwashewa. Ko gishirin ne ban auna daidai ba? Na sake aunawa. Daidai yake. Wataƙila.

Laraba, 14 Fabrairu
Ya daina ci.

Juma'a, 16 Fabrairu
Na je Bangala, kasuwar kifi, na nuna wa Malam Adamu hoto. Tun zuwansa daga Chadi yake gyaran kifi a can. Dariya har da ajiye wuƙa. "Kai ɗan Damagaram, wa ya aike ka? Gidan sauronsa ne! Da kansa yake yin abinsa in zai kwanta, saboda ƙwarin ruwa masu shan jini. Kai a yaye maka naka, a dalle ka da fitila kullum, za ka ci tuwo?"
Na koma Sa'alaba, unguwar da nake kwana. Ni dai datti aka koya mini in kwashe.

Litinin, 19 Fabrairu
Na bar fitila a kashe har hantsi. Da kansa ya fito. Ya ɗan taɓa abinci.

Alhamis, 22 Fabrairu
Mazen ya zo da sassafe, wai akwai baƙi daga Riyad. Ya ga yauƙin. "Wace ƙazanta ce wannan? Yalla, kunna fitila, ka kwashe." Na ce a'a, barci yake, a bari sai ya tashi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya fita. Bai ambaci iƙama ba, ban tambaya ba.
Ba gardama na yi masa ba, ina jin. Bayani ne kawai. Sai dai yanzu nake tunawa, duk lokacin da yake tsaye, tafin hannuna na kan makunnin fitilar.