Na Tafi da Tiyar Gero

Baban Anas,

Ka yi haƙuri, ban jira ka dawo masallaci ba, kada motar Bakura ta tsere mani. Kokonka na cikin kula.

Kada ka nemi tiyar awo, na tafi da ita makaranta har da geron. Na san ka ce in bari, tunda hedimasta ya ce aji ba kasuwa ba ne, kuma yau masu duba makarantu ke zuwa. To, ba zan bari ba.

Sati biyu ina rubuta rabi sau rubu'i a allo, kamar da bango nake magana. Jiya na zuba rubu'in tiya a faifai, na kira Marka, ɗalibar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba. Na ce, "Ke da ƙanwarki za ku raba wanga daidai, nawa ne naki?" Ta tsaga shi da gefen hannu, ta ce, "Malama, ɗaya cikin takwas na tiya."

In takardar gargaɗi ce, zan karɓa hannu bibbiyu. Mai son korar tiyata, ga alli, ya koya wa Marka mu gani.

Hussaina