Katin Ya Cika Kafin a Zo Kan Hamna

Kachalla Sembe, Jalingo.

Zuwa ga ɗana Nasiruddeen,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka a Fatakwal, Allah ya tsare ku. Mu nan da sauƙi, ana ta karɓar gaisuwar rasuwar yayata, Yapendonka Hajaratu. Jikata Hadijatu ce ke rubutawa, na ce mata kar ta gyara mini magana.

Batun wayar da ka aiko ne, don a ɗauki Adda Hajaratu tana ba da labarin mahaifiyarka Hamna, wadda ta rasu kana jariri. A waya na ce maka an ɗauka. Ba gaskiya duka na faɗa ba.

Mai shagon da ya sa katin ajiya ya ce giga talatin da biyu ne, wai zai ci awa huɗu in an rage kyan hoton, in kuwa an bar shi tangaran, awa ɗaya da rabi. Na ce masa shirme ne, buhu ko gero ka zuba ko dawa, mudun ɗaya ne. Na sa aka bar shi tangaran don ka ga zanen fuskarta. Hadijatu ta roƙa a fara da Hamna, na ƙi. Na ce a gidanmu ba a tsallake kakanni a kama ƙanwa.

To Adda ta faro tun daga kakanmu da shanunsa, tana kiran kowace saniya da sunanta. Rana ta yi sama kafin ta zo kan Hamna. Ta faɗi yadda suke tafiya rafi tare, da ranar haihuwarka, har ta rera waƙar da Hamna ta yi maka a kwana tara da kuka yi tare a duniya. Duk muka yi kuka. Da aka duba, ashe katin ya cika tun tana kan auren babanmu. Wayar ta tsaya ba mu sani ba, ita kuwa tana kallonta tana kiran sunanka.

Ta tambaye ni ko ya shiga. Na ce ya shiga. Na ƙudurta mu sake in ta huta, bayan kwana shida ta cika.

Laifina ne, ka yafe mini. Maganarta tana kaina, ban zubar da ko ɗaya ba, sai dai muryar ce babu. Hadijatu ta ce a sayo babban kati, na ce a'a, ba zan rera waƙar ƙanwata ga waya ba. Ka zo ka zauna gabana. Shekaruna tamanin da ɗaya, kar ka jira hutun sallah.

Ka gaida maiɗakinka da Umar da ɗan autanka Abbo. Hadijatu na gaisuwa.

Ni ne kawunka,
Hammanjoda