Kujerar da Auta Ya Aiko

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Yaya aikin katako? Ko ƙarar zarto ce ta toshe maka kunne? Na gaji da kiran wayar da ba a ɗauka, shi ya sa na ɗauki biro.

Ciwon bayan nan da na ce keken ɗinki ne ya jawo mini, ashe sharri na yi wa keke. Ka tuna shekarun baya da aka cire mini nonon hagu saboda ciwon daji, muka ce an rabu ke nan? To, ba a rabu ba. Likita ta ce tun kafin aikin wasu 'yan ƙwayoyi suka ɓalle daga ƙarin farko, suka bi jini, suka laɓe a ƙashin bayana suka yi lamo. Yanzu sun farka. Na zaci dajin ƙashi ne sabo, ta ce a'a. Da suka ɗebo kaɗan suka duba, ƙwayoyin nono suka tarar a cikin ƙashi, da kamanninsu da halinsu, don haka maganin dajin nono za a ba ni. Na farkon wuri ɗaya ya zauna, wuƙa ta iya masa. Wannan ba a cire shi, sai dai lallaɓawa.

Wallahi dariya ce ta kama ni a gaban likita. Ka ji fa, ko ciwo bai manta gidansu ba, sai ƙanena!

Da ta nuna mini hoton bayana da suka ɗauka, daidai tsakanin kafaɗuna abin yake, inda kake kifa kai in na goya ka bayan rasuwar Mama. Ina taka keke kana jiƙa mini wuya da miyau, ba ka barci sai ka ji ƙararsa. Ina kewar lokacin nan duk da wahalarsa. Ka zo, Auta.

Ka gaida mini yara. Taka har kullum,
Yaya

Zuwa ga Auta,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya.

Kujerar da ka ƙera ta iso, har da matashin jingina baya. Kai, hannunka ya faɗa! Amma halinka na nan. Tun kana ƙarami in tsoro ya kama ka, sai ka shige ƙarƙashin teburin yankan yadi ka hau buga ƙusa. Na san ka karanta wasiƙata, na kuma san ka gane. Ni ma tsoron nake ji, ba zan ɓoye maka ba.

Zama ya fara gagarata, a kwance nake wannan rubutu. Keke na rufe shi da zane. Kujerar kuwa na sa an ajiye ta a gefen gadona, kuma na hana kowa zama a kai, har mai yi mini allura a tsaye take aikinta.

Taka ce. Don Allah kada ka bari in gaji da kallonta.

Ina gaida kowa. Wadda ta goya ka,
Yaya