Majinyaci Ba Kwandon Tumatir Ba Ne

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ƙungiyarmu ta masu maganin gargajiya da allurar Caina, shiyyar Ikara, Makarfi da Kudan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da dattawan ƙungiya. Ranka ya daɗe, na yi ta sintiri ofishinka ana ce mini ka tafi Zariya, shi ya sa na fito da maganar nan fili.

Sunana Hajara, 'yar Malikanchi. Aikina tsira wa masu ciwon baya da gwiwa siraran allurai, a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Ikara. Ba ni da albashi. Duk naira goma da majinyaci ya biya, huɗu nawa ne, huɗu na mai asibiti, biyu na wanda ya turo shi, ko mai kemis ne ko ɗan acaɓa. La'ada muke ce wa kason nan, kamar dai a kasuwar tumatir, kuma ko kunyar sunan ba ma ji.

Ga abin da ya kai ni bango. Bayan babbar sallah wani mai kemis ya turo mana Malam Audu, dattijo manomin rake daga Gazara. Da kuɗin mazarƙwailarsa ya biya kuɗin zuwa sau goma tun ranar farko. A zuwa na uku na ga yana jan ƙafa, sai ya sunkuyar da kai ya gaya mini ba ya iya riƙe fitsari. Wannan ya fi ƙarfin allura. Na ce wa ɗansa da ya rako shi ya kai shi babban asibiti a Zariya a ranar, na kuma mayar masa da kasona na sauran zuwan.

Washegari mai kemis ya faka mashin a ƙofarmu yana kumfar baki, wai na kashe masa kasuwa, da an ƙarasa goman da an ƙara wasu. Mai asibiti ya lallashe shi da kuɗin da ya yanka daga haƙƙina. Sannan ya gindaya mini sharaɗi: kafin ƙarshen wata, ko in yarda ba zan sake tura kowa wani asibiti ba sai da izininsa, ko in tattara alluraina.

Don haka ina tambaya.

Na ɗaya: dokar ƙasa ta halatta a biya mutum don ya turo marar lafiya? In ta halatta, a gaya mana a rubuce, mu ma mu gaya wa majinyata, su san da kuɗinsu ake sallamar wanda ya nuna musu hanya. In ba ta halatta ba, to a kan me muke zaune?

Na biyu: biyan ma'aikaci da kaso. Ba na ƙin a raba da mai gini, shi ke biyan haya da wuta. Amma wanda tuwon gidansa ya rataya ga yawan allurar da ya tsira, yaushe zai ce wa mutum ka warke, kada ka dawo? Ni uwa ce, 'ya'yana na makaranta, na san yadda zuciya ke raya wa mutum ya ƙara wa majinyaci wasu zuwan biyu. Ina neman a yanka mana albashi ko yaya yake, kaso ya zama ƙari.

Na uku, kuma shi ne gaggawa: ƙungiya ta faɗa da babbar murya cewa babu mai asibitin da zai hana ma'aikaci tura majinyaci inda ya dace.

An yi wa Malam Audu aiki, yanzu yana takawa da sanda. Shekaranjiya ɗansa ya kawo mini ɗaurin rake. Mai asibiti yana tsaye yana kallo, wallahi na jira in ji ko a nan ma zai nemi kasonsa.

Ranka ya daɗe, wata ya kusa ƙarewa. Amsarka nake roƙo, amma tawa na riga na bayar: ba zan yarda ba. Na ɗaure alluraina a jaka tun jiya. Abin da ya rage yana damuna shi ne wadda za a ɗauka a madadina, da dattijon da zai zo mata yana jan ƙafa.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon faɗin gaskiya, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Hajara, Malikanchi.