Gaisuwa Ta Cinye Mini Minti Ɗaya

Talata da dare, Soron Ɗinki

Yau dai na yi magana a rediyo, da na sani ban yi ba.

Sati uku ina neman layin shirin safe, don mutanen lungunmu sun wakilta ni in yi maganar kwatar da ta toshe, har ruwa na shiga zauruka. Tun da hukuma ta ci gidan rediyon tara saboda wani mai kira ya zagi manya, minti ɗaya suke ba kowa.

Da aka ce, "Malam, muna jinka," sai na ce a raina: Duk Kano na saurare, in fara da kwata? Na gaida mai unguwa. Na gaida liman da na'ibinsa. Na tuna Alhaji Sabo mai shago zai ji haushi, na haɗa da shi. Ina cewa, "Sai kuma kira ga gwamnati," mai gabatarwa ya yi wuf: "Mun gode, Allah ya bar zumunci!" Ƙit, ya kashe.

Na je la'asar kaina a sunkuye, sai ga mutane suna ta miƙo mini hannu. Liman har da addu'a. Ba wanda ya tambayi kwata, alhali ita muka tsallako muka zo masallacin.

Da magariba Hajiya surukata ta kira matata Rabi, wai ashe mai shago ya fi ta daraja a wurina. Tun ɗazu Rabi ta juya mini baya.

Dole in sake neman layin nan. Kwata ta ƙara haƙuri, Hajiya ce a gaba.