Gonar da Ta Hana Ka Baki a Zaɓe

Daga ƙanenka Buhari a Kebbe zuwa ga Yaya Umaru a Gwanja. Gaisuwa da girmamawa. Ina lafiya, ina iyali, ina baƙunta? Mu nan sai godiya.

Bayan haka, fatake sun kawo saƙonka cewa in an zauna zaɓen mai unguwa, in ba Malam Sambo bakinka a madadinka. Na faɗa gaban dattawa, fataken sunka shaida. Sai Baffa Jatau ya ce, "Buhari, wanda gonarsa ke raye shi ke da baki nan, ko yana bayan kogin Kwara. Wa ya nome ta Umaru bana?"

Yaya, gonar da ka bar mini amana, ban nome ta ba. Na yi ta jiran ruwa ya zauna har ciyawa ta rufe ta. Kaina na sunkuyar. Anka ƙi bakinka, anka zaɓi wani ba Malam Sambo ba, anka kai sunansa wurin sarki a Tambuwal.

Malam Sambo ya gaishe ni kamar kullum, wannan ya fi ƙona ni. Ka yafe mini, ka sa ni a addu'a. Gai da Hajo da yara. Jiya na fara sassaben gonarka.